Chennai ko Madurai? Amsa ga ɗan'uwan da zai raka Baba asibiti

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce za ku sauka Chennai, a kudancin Indiya, ƙarshen Disamba, aiki da jinya za su kai ku tsakiyar Janairu, kana tambaya idan an sallame ku da saura kwana uku ko huɗu, ka tsaya ka ga Chennai ne ko ka leƙa Madurai da ka ji ana yabo. Na zauna a na farkon, na je na biyun fiye da sau ɗaya. Ga abin da na gani.

Da farko ka ajiye ɗan Indiyancin da muka tsinta a fina-finan da. Nan ƙasar Tamil ce, gaisuwarsu "vanakkam", kuma suna kishin harshensu ƙwarai. Amma ba baƙinka ba ne gaba ɗaya, don wasu daga cikin fina-finan da ake fassara mana da Hausa a Chennai ake shirya su. Unguwar Kodambakkam ce cibiyar harkar, kuma A. R. Rahman, wanda ya ɗauki kyautar Oscar biyu a 2009, ɗan garin ne.

Bambancin a taƙaice: a Chennai kai za ka je wa al'ada, ka nemi zaure, ka zauna ka saurara. A Madurai ita ce ke tarar da kai a bakin titi.

Ka yi sa'ar lokaci a Chennai. Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu watan Margazhi ne a lissafinsu, lokacin da garin ke cika da zaman kiɗan gargajiya na kudancin Indiya, wato Karnatik. Ƙungiyoyin da ke shirya shi ana ce musu sabha, babbarsu ita ce Music Academy da aka kafa a 1928. Saboda wannan gado ne UNESCO ta sa Chennai cikin biranen kiɗa a 2017. Zaman safe da na rana yawanci kyauta ne, na dare ne ake yankar tikiti. Mawaƙi zai harɗe a tsakiyar dandali, mai goge a gefe guda, mai ganga mai baki biyu, mridangam, a ɗaya gefen, wani lokaci da mai buga ghatam, wanda tulun ƙasa ne kawai da ake kaɗawa da yatsu. Abin da ya fi kama ni shi ne masu sauraro. Wata tsohuwa da ta zauna kusa da ni, hannunta bai daina taɓa cinyarta ba, tafi, juya, yatsa ɗaya, yatsa biyu, tana ƙirga kiɗan tare da makaɗa har awa biyu da rabi. Gaskiya sai da na je sau uku kafin kunnena ya fara rarrabe abin da nake ji. Kiɗa ne mai son haƙuri.

Rawar ma haka take. Bharatanatyam, mai kunshe da ƙararrawa a idon sawu da ba da labari da ido da yatsu, makarantarta mafi suna Kalakshetra a Chennai take, wadda Rukmini Devi Arundale ta kafa a 1936.

Kiɗan Madurai kuwa ba ya jiran ka shirya. Wata doguwar algaita ce, nadaswaram, da ganga mai kaifin murya, thavil, ana busa ana kaɗawa a biki da gaban wuraren ibadarsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawa zai ji jikinsa ya amsa tun kafin ya san sunan abin. A bukukuwan ƙauyukan kewaye akwai karagattam, rawar da ake yi da tulun ƙarfe a ka ba tare da an riƙe ba. Ko M. S. Subbulakshmi, wadda muryarta ta cika zaurukan Chennai har ta rera waƙa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966, a Madurai aka haife ta a 1916.

Madurai tsohon gari ne sosai, a bakin kogin Vaigai, titunansa na zagaye da haikalin Meenakshi mai dogayen hasumiyoyi 14. Wanda ba Hindu ba ba ya shiga can ciki, kuma hasumiyoyin ana ganinsu sarai daga titi. Akwai fadar Thirumalai Nayak ta 1636, da Masallacin Kazimar da ake dangantawa da ƙarni na 13. Da asuba mata na zaune suna kitsa furen yasmin a zare, ƙamshinsa ya cika layi. Ka duba yadin sungudi ma, ɗaurin zare ne da rini, zai tuna maka Ƙofar Mata.

Ga abin da ya sa nake karkata ga Madurai. Tsakiyar Janairu ake bikin girbi na Pongal, a kuma ranakun ne ake jallikattu a kewayen Madurai: Avaniyapuram, washegari Palamedu, sannan Alanganallur. Ana sakin bijimi ta wata ƙuntatacciyar ƙofa, samari su yi ƙoƙarin kama shi. Ɗan'uwan hawan ƙaho ne, sai dai su tozo suke runguma, an hana riƙe ƙaho. Kotun ƙoli ta hana wasan a 2014, sai a Janairun 2017 jama'a suka cika gaɓar tekun Marina a Chennai da zanga-zanga har aka gyara doka. Ana jin rauni, har rai na salwanta. Wannan ba wurin kai Baba ba ne.

Abinci. Chennai ta fi ƙarfi a karin kumallo: idli, wainar shinkafa da wake ce da ake turarawa ba mai, mai sauƙi ga marar lafiya, sai dosa mai kama da sinasir amma siririya, da miyar sambar, da kofi mai madara da ake juyawa tsakanin kofin ƙarfe da ɗan kwano har ya yi kumfa. A watan Margazhi kowace babbar sabha tana da rumfar abinci da ake zuba shinkafa a ganyen ayaba, babu nama ko kaɗan. Idan ka yi marmarinsa, nufi unguwar Triplicane wajen Masallacin Wallajah na 1795, biryani na nan. Za ka kuma ga gidan abinci mai suna Buhari, wanda aka ce shi ya ƙirƙiro soyayyar kazar Chicken 65.

Madurai garin nama ne da dare, har ana mata kirari da Thoonga Nagaram, garin da ba ya barci. Tun daga nesa za ka ji ƙarar ƙarfe a kan faranti, mai kothu parotta ne ke daddatsa gurasa da ƙwai da romo. Akwai kari dosa mai kauri da aka lulluɓe da naman akuya, sannan jigarthanda, madara mai sanyi da ƙaro da ruwan saiwar nannari da askirim a sama. Ka kula da abu biyu a ƙananan gidajen abincin da suke kira mess: ka tambayi halal, kuma wasu na soya jinin akuya a matsayin abinci na daban.

Tsakanin garuruwan kusan kilomita 460 ne. Jirgin ƙasa na Pandian Express yana tashi da dare ya isa da asuba, amma a makon Pongal kowa gida yake tafiya, sai ka yanki tikiti da wuri.

Shawarata: Chennai za ka gan ta a hankali cikin makonnin jinya, zaman kiɗa ɗaya da rana, yammaci ɗaya a Marina. Kwanakin ƙarshen ka ba Madurai, idan likita ya yarda kuma akwai wanda zai zauna da Baba. Idan babu, kada ka matsa, ka kai shi Triplicane sallar Juma'a.