Kafin Ka Sayi Littafin Kwantum a Legas

Mai son fahimtar ilimin kwantum, wato fannin fiziks da ke bayanin ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra da haske, a Legas hanya uku ce a gabansa. Littafin fiziks na sakandare don WAEC da JAMB aka rubuta shi, hadda zai ba ka ba dalili ba. Bidiyon intanet kuwa cin data ne, ka tashi da labarin kyanwa cikin akwati kawai, misalin nan da ake bugawa na kyanwar da take a raye kuma a mace kafin a buɗe akwatin.

Ni na ukun nake saya wa ƙannena, wato littafin da ya ɗauko tarihin daga tushe. In ka ɗauka, buɗe babin farko. Na kirki zai fara da Maks Plank a Jamus, Disamba 1900, yana fama da hasken da abu mai zafi ke fitarwa, irin jan ƙarfe a maƙera. Lissafi ya ƙi fita sai da ya ɗauka cewa makamashi gutsure-gutsure yake fita, ba kwarara yake yi ba; kowane gutsure shi ne kwantum. A 1905 Ainstain ya ce haske kansa haka yake, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel ta 1921. Sai Nils Bor a 1913 da ƙwayar zarra, Haisanbag a 1925 da Shirodinga a 1926 da lissafin kwantum. Kuma ba zai ɓoye maka gardamar Ainstain da Bor ba: shin halitta ce kanta ba ta da tabbas kafin a auna, ko saninmu ne bai cika ba? Wannan babin ne nake ƙauna.

Amma a kula da bugun sata. A teburan Yaba da Ojuelegba na asali da jabu a jere suke. Wani ya taɓa sayar mini da kwafin da alamar ɗebewa ta goge daga lambar Plank, wadda ake lissafin gutsuren makamashi da ita, 6.626 × 10⁻³⁴. Ƙanena ya kwana yana lissafi, amsa ta ƙi zuwa. Duba ƙananan lambobin saman layi, ka ɗaga takardar ga haske, ka ƙirga shafuka kafin ka biya.

Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu yawo da na'urar "kwantum" a kasuwa. Za a ba dattijo sandar ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta zayyano ciwon hanta da ƙoda, sannan a fito da maganin sayarwa. Har sarƙar wuya ake tallatawa da wannan suna. Wallahi babu ruwan Plank a ciki. Aikin kwantum na gaskiya yana cikin wayarka, da farantin sola, da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. In Baba ba shi da lafiya, a kai shi asibiti a gwada jininsa.