Sharhi kan takardar SHAQ, ma'aunin nakasar masu cutar taurin fata

Cutar da likitoci ke kira systemic sclerosis, wadda za a iya ce mata cutar taurin fata, tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar jikin mai ita, sai ƙananan hanyoyin jini su lalace, fata kuma ta yi kauri ta ɗaure, har abin ya kai ga huhu da maƙoshi da hanji da zuciya da ƙoda. Mata sun fi maza kamuwa da ita nesa ba kusa ba. Likita yana da hanyar auna taurin fatar, domin ma'aunin Rodnan yana sa shi ya matsa fata a wurare 17 na jiki, ya ba kowane wuri maki daga 0 zuwa 3, jimilla 51. Amma wannan lissafi bai gaya masa ko mara lafiya tana iya saka maɓallin rigarta ko kai loma bakinta ba. Wannan giɓi ne takardar tambayoyi ta SHAQ ta zo cikewa, kuma a ganina ta cike fiye da rabinsa.

Asalinta takardar HAQ ce, wadda James Fries da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka suka wallafa a 1980 domin masu ciwon gaɓoɓi. Tana ɗauke da tambayoyi 20 a fannoni 8: saka tufafi, tashi tsaye, cin abinci, tafiya, tsabtar jiki, miƙa hannu, riƙon abu, da hidimomin yau da kullum. Mara lafiya ce ke amsawa da kanta game da makon da ya wuce, daga 0, wato babu wahala, zuwa 3, wato abin ya gagare ta. A 1997 Virginia Steen da Thomas Medsger, waɗanda suka daɗe suna bin masu wannan cuta a birnin Pittsburgh na Amurka, suka ƙara mata layuka 5 da mutum zai sa alama a kansu ya nuna yadda wata matsala ta hana shi sakat: ɗaukewar jini daga yatsu a lokacin sanyi, gyambon kan yatsu, damuwar ciki da hanji, ƙarancin numfashi, da kuma nauyin cutar baki ɗaya.

Abin yabo na farko shi ne sauƙinta. Takarda ce da biro, ana gamawa da ita cikin 'yan mintoci kafin a shiga wurin likita, ba ta buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Kuma ba sauƙin banza ba ne, domin Steen da Medsger sun nuna cewa makin nakasar yana tafiya tare da tsananin cutar, kuma masu maki mai yawa sun fi fuskantar haɗarin mutuwa. Layukan nan 5 su ne suka fi burge ni. Mace tana iya samun maki kaɗan a ɓangaren tambayoyi, alhali gyambo ɗaya a kan ɗan yatsa ya hana ta barci, ko kuwa numfashi ya fara yi mata wuya idan ta hau tudu. Tun da yake matsalar huhu ce kan gaba wajen halaka masu wannan cuta a yau, alamar da ta matsa gaba a layin numfashi tsakanin zuwa asibiti biyu ta isa ta sa likita mai lura ya tura a yi gwajin huhu.

Inda nake da ja da ita shi ne yadda ake haɗa makin. A kowane fanni amsa mafi muni ce ake ɗauka, sannan idan mutum ya ce yana amfani da sanda ko wani kayan taimako, ko kuwa wani yana kama masa, sai a ɗaga makin fannin zuwa 2 ko da shi ya ce wahalar kaɗan ce. An yi wannan ƙa'ida ne a inda neman taimako alama ce ta gazawa. A gidan da 'ya ko jika ke ɗauko wa dattijuwa ruwan wanka saboda ladabi, ko da ƙalau take, ƙa'idar za ta iya nuna nakasar da babu ita, sai fa idan mai cike takardar ya tsaya ya tambaya ko lalura ce ta kawo taimakon.

Tambayoyin kansu ma rayuwar Amurkawa suke kwatantawa. Ana tambaya ko mutum yana iya shiga bahon wanka, ko buɗe sabon kwalin madara, ko buɗe ƙofar mota, ko share ɗaki da na'urar zuƙe ƙura. Babu tambaya a kan tashi daga tabarma, ko tsuguno, ko murza wanki da hannu, ko taɓa ruwan alwala da asubahin hunturu, wanda ga mai yatsun da ke yin fari su koma shuɗi saboda sanyi yana iya zama mafi wahalar abin da zai yi a yininsa. Ma'aikacin lafiya da ya sauya tambayoyin da baki don su dace da majinyacinsa ya kyauta, amma ya sani cewa makin da ya samu ba zai auna shi kai tsaye da na binciken da aka wallafa ba.

Akwai kuma abin da takardar ba ta gani ko kaɗan. Cutar tana tsuke baki, ta busar da yawu, har goge haƙora da zuwa wurin likitan haƙori su zama aiki, kuma don haka ne Luc Mouthon da abokan aikinsa a Faransa suka fitar da ma'aunin nakasar baki na MHISS mai tambayoyi 12 a 2007. Hannu ma, wanda shi ne tushen yawancin nakasar, ma'aunin Cochin mai tambayoyi 18 ya fi bin sa dalla-dalla. Gajiya, da damuwar sauyin kamannin fuska, da dabbare-dabbaren fari da baƙi da suka fi fitowa fili a fatar baƙaƙe, da janyewa daga shiga jama'a, duk ba su da gurbi a cikinta. Wanda ke son auna hulɗa da mutane da halartar sabgogi sai ya nemi WHODAS 2.0 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai sigar tambayoyi 12 da ta 36, ko da yake ita ba don wannan cuta kaɗai aka yi ta ba.

Asibitin da zai iya riƙe takarda ɗaya tak, SHAQ zan ce ya riƙe, da sharaɗin a riƙa cike ta a kowane zuwa a ajiye a fayil, domin amfaninta yana cikin gwada na yau da na watannin baya. Idan korafin majinyaci a hannu yake ko a baki, sai a haɗa masa da Cochin ko MHISS, kuma wanda bai iya karatu ba a karanta masa a keɓe, ba a gaban mai jinyarsa ba, domin mutane da yawa ba sa son faɗin wahalar shiga bayan gida a gaban 'ya'yansu.