Google Docs a ajin insha'i: ya burge ni, amma ba kowane yaro ya ɗauka ba

Ni malamar Hausa ce a wata sakandare ta kuɗi a Tudun Wadar Kaduna, kuma babu abin da ke ba ni wahalar koyarwa irin insha'i. Yaro zai rubuta layi goma, in kwashi littattafai zuwa gida in bi su da jan biro, in dawo da su, ya duba maki ya rufe. Gyaran kuwa ko kallonsa ba ya yi, alhali insha'in nan yana jiransa a WAEC da NECO. Shi ya sa a zangon da ya wuce na gwada Google Docs, manhajar rubutu ta intanet, da 'yan SS2. Kyauta ne, adireshin Gmail kawai ake buƙata, kuma da Gboard, allon haruffa na Google, a waya ana samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi wata yarinya ce. Shiru-shiru ce, a bayan aji take zama, littafinta kullum rabin shafi. Na ba su insha'in siffantawa a kan wani wuri da suka sani. Ita ta zaɓi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, inda yayanta ke sayar da ruwa da lemo. Da farko abin da ta saba ta turo: tashar babba ce, akwai mutane da yawa. Sai na bar mata tambaya a gefen jimlar, inda manhajar ke ba da damar yin tsokaci: su wane ne mutanen, me suke cewa idan jirgin Abuja ya iso?

Washegari na buɗe, wallahi sai da na karanta sau biyu. Ta kawo 'yan dako suna rige-rigen jakunkuna, masu Keke Napep suna kiran Kawo da Kasuwa, wata tsohuwa ta ƙanƙame ƙullin kayanta ta hana kowa taɓawa. Shafi biyu cur. Zuciyata ta raya min ko wani ya rubuta mata, don haka na hau kwamfuta na duba tarihin gyare-gyaren, wanda ke nuna abin da aka ƙara da lokacin da aka ƙara shi. Yarinyar nan bayan sallar isha'i ta fara, tana rubutawa tana gogewa, sakin layin farko kaɗai ta sake shi ya fi a ƙirga. Da na tambaye ta a aji sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, a littafi in na goge yana yin datti, shi ya sa nake barinsa yadda ya zo." Shekaruna nawa ina koyarwa ban taɓa jin wannan dalili daga bakin ɗalibi ba. Wannan tarihin dai shi ya nuna min wani yaro da insha'insa gaba ɗaya ya faɗo cikin minti guda, kwafowa ya yi. Yanzu kuma idan ɗalibi ya rubuta "ya na" a rabe, ina sa masa shawarar gyara, shi da hannunsa zai amince da ita, dole ya gani.

A makonnin nan har cewa nake yi kowane malamin harshe ya koma kan Google Docs. Yanzu na sassauta. Yawancin yaran wayar iyayensu suke ara, uba kuma sai dare yake dawowa daga kasuwa, ga kuɗin data, ga rashin wuta. Ana iya rubutu ba intanet, amma tsokacina ba zai isa ga yaro ba sai an kunna data. Waɗanda gidansu babu babbar waya sun koma 'yan kallo, kuma abin yana ci min rai, don cikinsu akwai masu ƙoƙari ƙwarai. Dole na riƙa ba su tawa lokacin tara, su yi layi.

Sai kuma ranar da na tattara insha'o'in don a buga wa iyaye. Na kai wani shagon buga takardu kusa da Kasuwar Barci, mai shagon ya buɗe a tasa kwamfutar, ya sauya salon haruffa wai don ya fi kyau, ya buga duka bai nuna min ba. Duk inda harafi mai ƙugiya yake ya zama ɗan akwati. Na nuna masa, ya ce, "Hajiya, ai ana ganewa." Aikin yara na zango guda, a darasin da ake koya musu ƙa'idojin rubutu! Kuɗina bai mayar ba, na sake biya a wani wuri. Duk malamin da zai buga, ya sauke aikin a PDF tun daga gida, kuma ya ga shafin farko da idonsa kafin a ci gaba.

Zango mai zuwa zan ci gaba da shi ga 'yan SS2 da SS3, amma sai na zauna da shugabar makaranta a kan a buɗe mana ɗakin kwamfuta ranar Laraba bayan an tashi.