Sharhi kan jirgin rimot mai inji biyu bayan wata huɗu ina tashinsa a Sakkwato

Na yi shekara uku ina tashin ƙananan jiragen rimot masu inji ɗaya kafin na yi odar wannan mai inji biyu ta intanet, wanda aka ƙera da soso mai tauri, yana da taya uku, ɗaya a gaba biyu a ƙarƙashin fukafukai, yana kuma aiki da batirin caji na lithium da ake kira LiPo, mai sel uku (3S), mai ƙarfin 2200mAh. A sama ba ni da abin da zan kushe masa, domin yana da natsuwa kuma yana jure iskar hunturu fiye da duk jiragen da na taɓa riƙewa. Matsalarsa tana ƙasa, a cikin 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ba shi wuta da ɗagawarsa.

Ranar farko na kai shi wani fili mai jar ƙasa a wajen Wamakko, nesa da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, da sanyin safiya. Ina tura totur sai hancinsa ya karkata hagu, kafin na gyara ya bar hanya ya afka cikin sabara, farfelar hagu ta karye. Sau uku hakan ta faru a makon, kullum ta ɓangare ɗaya, takardar bayanin da ta zo cikin kwalin kuwa ba ta ce komai a kan haka ba, wanda a ganina shi ne babban aibin wannan kaya.

Da farko na zargi tayar gaba, kuma lallai tana da nata laifin, domin da na gangara jirgin da hannu a kan siminti ba tare da wuta ba, sai na ga yana ɗan jan hagu. Na daidaita ƙarfen da ke juya ta, na kuma rage iyakar juyinta a rimot. An samu sauƙi, amma bai daina ba.

Wanda ya gano ainihin abin wani dattijo ne mai gyaran fanka a unguwarmu, wanda na je wurinsa neman dalma. Ya ce in kunna masa injinan a hankali, ya kawo kunne kusa, sannan ya ce, "Ɗana, muryoyinsu ba ɗaya ba ne, na dama yana riga ɗan'uwansa tashi." Na ce, "Baba, ai iri ɗaya ne, tare suka zo." Ya ce in sake turawa sannu a hankali in zuba ido, sai kuwa ga farfelar dama tana juyi alhali ta hagu ba ta motsa ba tukuna. Kowane inji yana da tasa na'urar sarrafa gudu, wato ESC, kuma an turo su ba tare da an saita su tare ba. Da yake injinan suna nesa da tsakiyar jirgin, ɗan bambanci kaɗan ya isa ya murɗa hancinsa, a lokacin da iskar da ke bi ta wutsiya ba ta kai ta ba shi ikon miƙewa ba.

Saita na'urorin bai ɗauki minti goma ba. Na cire farfelu duka biyu, na kai totur ƙarshe, na haɗa batir, da na ji ƙarar na'urorin sai na dawo da shi ƙasa, ta yadda duka biyun suka koyi iyaka ɗaya. Daga nan na juya injin dama ta hanyar musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku, na sa masa farfela mai juyin baya, domin a yadda ya zo farfelun biyu suna juyawa ta fuska ɗaya, wanda shi ma yana ƙara jan hagu. Farfelar juyin baya ba ta cikin kwalin, sai da na yi odarta daban na jira mako biyu, kuma bai kamata a bar mai saye da wannan ɗawainiya ba.

Zafin Sakkwato ma yana da nasa tasirin. A watan Afrilu, idan ya haura digiri 40, iska takan rage kauri, jirgin yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma duk wanda ya fizge shi da wuri zai ga fiffike ɗaya ya faɗi. Yanzu ina fuskantar da shi iska, ina ƙara wuta a hankali cikin daƙiƙa uku ko huɗu, ina kuma kauce wa rairayi, domin ƙananan tayoyinsa suna nutsewa, ɗaya ta kama ɗaya ta wuce.

Tun bayan waɗannan gyare-gyare na tashe shi fiye da sau talatin bai sake barin hanya ba. Ga wanda ya saba da jirgi mai inji ɗaya kuma yana iya riƙe na'urar dalma, ina ba da shawarar sayensa, tare da farfelu na ajiya na kowane juyi. Sabon shiga kuwa ya dakata tukuna, domin zai karya hancin jirgin kafin ya gane daga ina jan yake fitowa.