gretl da farashin hatsin kasuwar Dole

Duk ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya tambaye ni manhajar da zai yi binciken kammala karatu da ita, gretl nake nuna masa, wato manhajar nazarin alƙaluman tattalin arziki. Kyauta ce, akwai ta da Faransanci, kuma in an ɗora ta ba ruwanta da intanet. Tsohuwar kwamfutata ma tana jan ta lafiya lau.

Na fi amfani da ita a kan farashin tiyar hatsi na wata-wata a nan Damagaram. Kafin ka haɗa farashin da ruwan sama ko da farashin Kano, dole ka san halin jerin farashin, ko yana tsayawa ko ba ya tsayawa: yana da matsakaicin da yake komawa gare shi, ko kuwa in ya hau ya tafi ke nan? Wanda ya tsallake wannan, lissafi zai nuna masa dangantakar da babu ita, kamar yadda Granger da Newbold suka nuna tun 1974.

Gwaje-gwajen da ke auna wannan hali, wato gwajin ADF na Dickey da Fuller da gwajin KPSS, suna wuri ɗaya a manhajar, dannawa biyu ko uku ka gama. Amma a kula, don nan ƴan uwa suke zamewa. ADF yana farawa da zaton jerin ba ya tsayawa, KPSS kuwa da zaton yana tsayawa. Ke nan in p, lambar da gwajin ke bayarwa don a yanke hukunci kan zaton, ta yi ƙasa da 0,05, a ADF albishir ne cewa jerin yana tsayawa, a KPSS kuma akasin haka. Ni duka biyun nake yi, sai sun yarda da juna hankalina yake kwanciya.

Abin da ya fi daɗa mini shi ne damar cire tasirin watanni a cikin gwajin ADF. Hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada daga bazara zuwa damina, kowace mai tuwo ta san haka, kuma dole lissafi ya san da shi. Yawan watannin bayan da za a saka a gwajin ma, ma'aunin zaɓe da ake kira AIC yana zaɓa maka.

Sai dai gwajin yana da makanta. Tashin gwauron zabo irin na yunwar 2005 yana iya sa ADF ya kasa gane jerin da ke tsayawa, matsalar da Perron ya bayyana a 1989. Don haka nake roƙon ɗalibaina su zana jerin su dube shi da ido kafin su taɓa kowane gwaji.