Wanne faifan Nitty Gritty Dirt Band ya kamata ka saya? Duba shekara kafin ka duba suna

Duk wanda ya taso yana jin Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton a rediyo ya san kiɗan kantiri ba baƙo ba ne a kunnenmu. Amma idan aka ambaci Nitty Gritty Dirt Band, sai ka ga mutane sun yi shiru, alhali ƙungiya ce da ta fara tun 1966 a Long Beach ta jihar Kalifoniya, ta haura shekara hamsin tana abu ɗaya. Ko kuma in gyara bakina: ta haura shekara hamsin kusan da suna ɗaya. Mutanen da ke bayan sunan sun yi ta sauyawa kamar fasinjojin motar haya, wannan ya sauka wancan ya hau, kuma a nan ne mai saye yake faɗawa rami. Kana iya sayen faifai biyu masu suna ɗaya a jikin kwali, ka sa su, ka rantse ba dangin iya ba na baba.

Mutum biyu ne suka riƙe gidan tun daga tushe: Jeff Hanna mai jita da rera waƙa, da Jimmie Fadden mai hamonika da ganga. Jackson Browne ya yi 'yan watanni da su a 1966 ya kama gabansa, John McEuen mai banjo ya shigo. Jimmy Ibbotson ya zo a ƙarshen shekarun 1960, ya fita, ya dawo, ya sake fita. McEuen kansa ya bar su bayan shekara kusan ashirin, ya dawo a 2001, ya sake tafiya a 2017. Bob Carpenter mai fiyano ya shiga a ƙarshen shekarun 1970 ya zauna daram. Saboda haka abin da nake fara yi idan faifai ya zo hannuna shi ne in juya bayansa in nemi shekara, sannan in nemi sunan McEuen da na Ibbotson. In suna nan su biyun, to ciniki ya fara.

Ba zan ɓoye ba, zaɓina shi ne Will the Circle Be Unbroken na 1972, wanda kamfanin United Artists ya fitar a faifan garmaho uku cikin kwali ɗaya. A watan Agusta na 1971 aka ɗauke shi a ɗakin ɗaukar sauti na Woodland da ke Nashville, cikin kimanin mako guda. Samari ne biyar masu dogon gashi daga yammacin Amurka, Hanna da Fadden da McEuen da Ibbotson da Les Thompson, suka je suka durƙusa gaban dattawan sana'ar: Roy Acuff, Maybelle Carter, Earl Scruggs, Doc Watson, Merle Travis, Jimmy Martin, ga Vassar Clements da gogensa. Lokacin Amurka a rabe take kan yaƙin Biyetnam, dattawan Nashville ba sa yi wa irin waɗannan samari kallon arziki. Bill Monroe ma ƙin zuwa ya yi. Waɗanda suka zo ɗin kuwa sun bar abin da har yau ba a yi na biyunsa ba.

Abin da ya sa nake son sa ba taron manyan sunaye ba ne kawai. William McEuen, yayan John, shi ya shirya aikin, kuma kai tsaye aka riƙa ɗauka a kan zare mai layi biyu, babu zancen a dawo gobe a liƙa murya ko a goge kuskure. Yadda aka buga haka ya shiga. Kuma an bar hirar da ake yi tsakanin waƙa da waƙa. Za ka ji Acuff yana yi wa yaran nasiha cewa a yi abu daidai tun a karon farko. Za ka ji haɗuwar Doc Watson da Merle Travis, mutumin da Watson yake girmamawa har ya raɗa wa ɗansa sunansa, suna gaisawa cikin kunya irin ta manya. Duk lokacin da na zo wurin nan sai na ɗaga allura na mayar baya. Sannan Watson ya shiga Tennessee Stud, jitarsa tana tafiya kamar doki mai sassarfa. Maybelle Carter kuma ta yi Keep on the Sunny Side da muryar tsohuwa wadda ba ta neman burge kowa.

Ga wani abu a gefe. Banjon da Scruggs da McEuen suke kaɗawa asalinsa daga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma ne, waɗanda bayi suka tafi da iliminsu. Ka dubi gurmi, ƙwarya da fata da sanda, ka dubi banjon farko, za ka ga jini ɗaya. Wataƙila shi ya sa kunnena bai taɓa jin sa baƙo ba.

Sauran fa? Uncle Charlie & His Dog Teddy na 1970 shi ne na biyu a wurina, mutanen nan biyar ne dai, kuma a ciki Mr. Bojangles take, waƙar Jerry Jeff Walker da ta kai ta tara a jadawalin Amurka a 1971. In kuɗi ya ragu, ɗauke shi. Zamanin da suka yanke sunansu suka koma The Dirt Band, daga 1976 zuwa farkon shekarun 1980, sun je Tarayyar Sobiyet a 1977 sun yi tarihi, sun yi An American Dream da Linda Ronstadt, amma kiɗan ya koma ruwa-ruwa, ba na kashe masa ko sisi. Shekarun 1980 su ne na kasuwa: Long Hard Road a 1984, Modern Day Romance a 1985, Fishin' in the Dark a 1987, duk sun hau na ɗaya a jadawalin kantiri. Mai son abin saurare a mota ya nemi tarin fitattun waƙoƙinsu na wannan zamani, ya wadatar. Dirt Does Dylan na 2022, inda Jaime ɗan Hanna ya riga ya shigo, na masu son Bob Dylan ne.

Kashi na biyu na Will the Circle Be Unbroken, na 1989, shi ne ake yawan yi min musu a kansa. Na sani ya ci kyautar kundin shekara ta ƙungiyar kiɗan kantiri ta Amurka, ya kwashi Grammy, akwai Johnny Cash da Emmylou Harris da John Denver da Ricky Skaggs. Yana da kyau. Amma Maybelle ta rasu tun 1978, Travis a 1983, McEuen ba ya cikin ƙungiyar, kuma wancan ɗari-ɗarin na haɗuwar farko ya tafi. Kowa ya san tarihi ya zo yi. Kashi na uku na 2002, da Willie Nelson da Alison Krauss, sai wanda ya riga ya mallaki biyun farko.

To yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin ni an taɓa ni.

Na farko, wato na 1972, na saya a hannun wani mai sayar da faya-fayan gwanjo ta intanet. Hoton kwalin tas, ya rubuta cewa komai lafiya. Na biya kuɗin kaya, na biya na jigila wanda ya kusa ninka na kayan, na jira makonni. Ranar da ya iso ko takalmi ban cire ba na farke ƙunshin. Faifai biyu na tarar a maimakon uku, na ukun kuwa wani faifai ne daban na wani mawaƙin coci da aka cusa don nauyi ya cika. Ɗaya daga cikin biyun kuma ya lanƙwashe kamar faranti da aka bari kusa da murhu, allura tana hawa tana sauka. Na rubuta masa, ya ce a haka ya same shi. Daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Tun ranar na kafa wa kaina doka. Ba na biya sai an turo min hoton faifai ukun a jere, a waje da kwali, kowanne da takardar tsakiyarsa a fili, fuska shida cif, in karanta lambar kowace fuska da idona. Sai hoto na gefe, faifan a kwance kan tebur, in ga ko ya miƙe. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara ce maka ai ka yarda da shi kawai, sallame shi. Kwalin asali yana da hoton wani hafsan soja na zamanin yaƙin basasar Amurka a tsakiya, da tutoci, da sunayen waɗanda suka yi aikin. In ka ga kwali da hoton ƙungiyar suna murmushi an rubuta wannan suna, ajiye shi, wani abu ne daban.

Jabun CD ma suna nan birjik. Juya shi ka duba: wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa, da ƙananan lambobi a zoben tsakiya, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore, takardar kwalinsa kuma launinta ya dushe, rubutun ya yi hazo. Na 1972 CD biyu ne. Duk wanda ya miƙo maka guda ɗaya ya ce shi ke nan, an datse. Wanda nake ba da shawara shi ne bugun 2002 na cika shekara talatin, an tace sautin an ƙara wasu abubuwa da ba su fita da farko ba.

Masu turi a waya da memori nasu salon daban ne, kuma sau da yawa ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Sunan kundin asalinsa sunan tsohuwar waƙar coci ce da mawaƙa barkatai suka rera, ga kuma kashi uku masu suna ɗaya. Na taɓa karɓar memori aka ce na 1972 ne, ina sawa na ji muryar John Denver, na san an ba ni na 1989. Wani lokaci kuma sai ka tarar an yanke duk hirar tsakanin waƙoƙi wai don kada ta ci wuri, wato an zubar da naman an bar maka romo. Kafin ka bar shagon, ka ce a sa maka Tennessee Stud, ka saurara ko akwai magana a kusa da ita. Haka tarin waƙoƙi masu arha da wasu ƙananan kamfanoni ke fitarwa: karanta ƙananan rubutun baya, domin wasu ɗaukar dandali ce ta shekarun baya-bayan nan, ba ainihin wadda ka sani ba.

Idan ba ka da garmaho mai allura mai kyau, kada son gani-da-ido ya ja ka. Ɗauki CD biyun nan na 2002 ka huta. In kuwa ka nace sai faifan, to ka tanadi wurin ajiya tun kafin ya iso: a tsaye, ba a kwance ba, nesa da taga, kuma kada ka kuskura ka bar shi a bayan mota a watan Afrilu ko da na awa ɗaya ne.