Maus mai igiya ko maras igiya: abin da hannuna ya gaya mini bayan wata takwas

Aikina zane ne a kwamfuta, a wani ɗan shago da ke Newtown, nan Akra, inda ƙarar injinan buga takarda ba ta yankewa daga safe har bayan isha. Katin biki, fostar Maulidi, kalandar masallaci, duk muna yi. Amma abin da ya fi cin lokacina shi ne bin sawun zane: a turo maka hoton tsohon tambari ta WhatsApp, ya dushe ya karkace, ka zauna a manhajar zane ta CorelDRAW ka sake tayar da shi ɗigo bayan ɗigo har ya fito tas. Mai irin wannan sana'a a kan maus hannunsa yake wuni. A littafi linzamin kwamfuta ake ce masa, yaran shagonmu kuma ɓera suke cewa, ni dai maus na saba.

Abin da ya sa na fara damuwa da zancen, wani malamin makarantar Islamiyya ne daga Nima da ya kawo bajen makarantarsu, yana so a yanka shi a sitika a manna a jikin motar ɗaukar yara. Bajen da rubutun Larabci zagaye da shi. Lokacin ina amfani da wani maus maras igiya mai araha da na saya a kasuwar Circle, irin wanda ko sunan da ke jikin kwalinsa ba ka taɓa ji ba. Sai in ɗora ɗigo, in tsaya in kalli hoton, in na dawo zan ja lanƙwasa sai kibiyar maus ɗin ta ƙi motsi na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta yi tsalle ta wuce inda nake so. A fuskar kwamfuta ban ga wani aibu ba. Injin yankan sitika kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, duk inda hannunka ya yi rawa nan wuƙarsa za ta bi. Da Malam ya zo karɓa, ya ɗaga sitikar ya duba a haske, ya ce, “Ɗana, cikin wannan nun ɗin ai ya karye.” Na ce, “Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, gobe bayan azahar a aiko yaro.” Sitika ta lalace, kunya kuma ta fi asarar ciwo.

Daga baya na gane abu biyu ne suka haɗu a kaina. Na farko, maus mai batir yakan yi gyangyaɗi da zarar an bar shi, don kada batir ya ƙare, kuma masu arahar sun fi nauyin farkawa. Mai karanta labarai a intanet ba zai lura ba. Mai zane da yake tsayawa yana tunani tsakanin ɗigo da ɗigo, shi ne zai sha wahalar. Na biyun laifina ne. Ɗan ƙaramin abin da ke karɓar saƙon maus ɗin, wanda muke kira dongul, na soke shi a bayan kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, kafaɗa da kafaɗa da filas ɗin da kwastomomi suke kawo aiki a ciki. Ramin USB 3.0, mai shuɗin nan, in yana aiki yana fitar da hayaniyar da kunne ba ya ji a zangon rediyo na 2.4 GHz, zangon da dongul ɗin da Bluetooth da Wi-Fi duk suke cunkushe a ciki. Kamfanin Intel ya yi bayanin wannan tun 2012. A layinmu kuwa kusan kowane shago da nasa Wi-Fi. Da na sayi 'yar igiyar ƙari na ɗauko dongul ɗin zuwa kan tebur, tsallen ya ragu sosai. Gyangyaɗin dai yana nan.

Sai na koma mai igiya, Logitech G102. Na 'yan wasan kwamfuta ne, har da fitila mai canza kala wadda na kashe tun ranar farko, don ba gidan rawa nake ba. Nauyinsa giram 85, kuma yana iya sanar da kwamfuta inda yake har sau 1000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da na fara ji shi ne kibiyar ta zama kamar bakin alƙalami. In na tsaya ta tsaya, in na matsa gwargwadon gashi ɗaya ta matsa gashi ɗaya. Babu batun batir. Wanda ya taɓa neman batir ƙarfe sha ɗaya na dare a jajibirin Sallah, ana jiran kati ɗari biyar, ya samu irin na kiyos da ba ya kai mako biyu, ya san abin da nake nufi.

Igiyar ce kawai take da rigima. Ta fi mita biyu, tana maƙalewa a bakin tebur, kuma in ta yi nauyi ta baya sai ka ji tana ɗan jan hannunka daidai lokacin da kake lanƙwasa layi. Sau ɗaya ta kifar mini da kofin shayi a kan takardun kwastoma. Maganin bai ci ko sidi ɗaya ba: na ɗaure ta da roba a ƙafar allon kwamfutar, na bar mata tsawon da zai isa hannu ya zagaya. Tun ranar ban sake tuna ta ba.

Wata 'yar fadakarwa ga mai niyyar saye: jabun wannan maus ɗin sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, fitila iri ɗaya. Ni da kwamfutar hannu na je, na sa aka soka a gabana, na buɗe manhajar kamfanin, G HUB, na ga ta gane shi, sannan na biya.

Ana nan sai yayana da ke Jamus ya zo Babbar Sallah ya kawo mini tsarabar MX Master 3S, maus maras igiya na Logitech. Wannan shi ne wanda masu zane a YouTube suke ta yabo, ya fito a 2022, farashinsa kusan dala 100 a lokacin. Gaskiya ya cancanci yabon. Tafin hannu yana kwanciya a kansa kamar an auna, dannawarsa ba ta ƙara, yana aiki ko a kan gilashi. Kamfanin ya ce caji ɗaya yana kai kwana 70, ni dai nakan manta yaushe na yi masa na ƙarshe, kuma ana iya ci gaba da aiki yana kan caji. Yana haɗuwa da kwamfuta uku, ka danna maɓalli a ƙarƙashinsa ka koma wadda kake so. Abin da ya fi burge ni ƙaramar tayar da ke gefen babban yatsa, mai tura shafi hagu da dama. Gab da zaɓen 7 ga Disamba 2024, lokacin da banoni masu tsawon mita biyar da shida suka yi mana yawa, wannan tayar ta rage mini gajiya ba kaɗan ba. Haka in ana tsara littafin shirin biki mai shafi talatin.

To amma da na zauna bin sawun rubutun Larabci da shi, sai na ga hannuna yana komawa kan mai igiyar ba tare da na yi shawara ba. Da farko na ɗora abin a kan lissafi: shi sau 125 yake aika saƙo a daƙiƙa, wancan sau 1000. Abokin aikina ya yi mini dariya, ya ce allon da nake kallo sau 60 kawai yake sabunta hoto a daƙiƙa, ta ina idona zai ga wannan bambancin? Na yi shiru, don ya fi ni gaskiya. Da na lura da kyau, nauyi ne. Giram 141 ne, an ƙera shi don a dafa shi da tafin hannu gaba ɗaya, ni kuwa da kan yatsu nake tura ɗigo, kamar mai ɗinkin hula. Abu mai nauyi sai ka ɗan ƙara ƙarfi kafin ya tashi, in ya tashi kuma sai ya ɗan zarce. Mai babban hannu da ke motsawa daga gwiwar hannu wataƙila ya ji akasin haka.

Don in cire shakka, na ari Logitech G305 na abokin aikin nawa na mako guda. Maras igiya ne, da dongul ɗinsa, batir AA ɗaya, giram 99, shi ma sau 1000 a daƙiƙa. Na sake zana bajen Malam da shi daga farko. Wallahi da an rufe mini ido ba zan iya bambanta shi da mai igiya ba. Ashe ba rashin igiyar ne ya karya nun ɗin ba, arahar maus ɗin ce da inda na soke dongul.

Lambobin DPI, wato ma'aunin nisan da kibiya take tafiya in an motsa maus, da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali kada su ruɗe ka. G102 da MX ɗin duka suna kai 8000, ni kuwa ban taɓa wuce 1200 ba, in aikin ya yi laushi ma 800 nake komawa, in faɗaɗa hoton sosai. Abin da ya fi amfani a Windows shi ne ka shiga saitin maus ka cire alamar da ke kan Enhance pointer precision. Sunan yana yaudara, domin abin da yake yi shi ne sa nisan tafiyar kibiya ya danganta da saurin hannunka, ka ga hannu ba zai taɓa haddace tazara ba. Kwana biyun farko za ka ji wani iri, daga nan sai ka saba. In hunturu ya shigo da ƙurarsa kuma, a riƙa goge ƙarƙashin maus ɗin, a wanke shimfiɗarsa, don ƙurar Disamba ba ta san mai igiya da maras igiya ba.

Yanzu G102 yana nan a soke a kwamfutar tebur, shi ke yin duk bin sawu da duk abin da zai je injin yanka. MX ɗin yana cikin jaka tare da kwamfutar hannu, shi nake fitarwa in na je gidan wata Hajiya a Mamobi ko Madina muna zaɓen kalar katin biki a kan teburin gilashin falonta. Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya tambaye ni makon jiya, “Masta, kuɗin ɗaya kawai nake da shi, wanne zan saya?” Na ce ya sayi mai igiya na gaske, canjin ya sayi shimfiɗa mai faɗi. Robar ɗaure igiyar ni na ba shi daga cikin durowa.